Shekarar da Na Cire Muryar Mma

Ƙamshin ƙwaran kaɗanya da ake soyawa shi na fara ji a safiyar ranar, tun kafin in buɗe ido. Ƙamshi ne mai nauyi, tsakanin ƙauri da daɗi, wanda in ya kama tufafin mutum sai ya raka shi har ofis. Daga tsakar gida kuma ina jin hannuwan Mma, mahaifiyata, cikin baho tana bugun kwaɓin jiya, a hankali, kamar mai lallashin jariri, har man ya fara tasowa fari a saman ruwa. Ummi, ba ki riski gidanmu na unguwar Choggu a Tamale yadda yake a lokacin ba, kafin shaguna su rufe masa fuska. Kin ci sunan kakarki, kuma za ki girma ki ji mutane suna ba ki labarinta, kowa da irin nasa. Akwai guda ɗaya da nake so ki ji daga wurina, domin ni ce mai laifi a cikinsa, kuma babu wanda zai gaya miki haka in ba ni ba.

A lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba. Na dawo Tamale na samu aiki a wata ƙaramar ƙungiya a unguwar Jisonayili, ɗaki biyu ne da fanka mai kuka, da wata bishiyar mangwaro da take leƙo mu ta taga. Shugabarmu Sista Abena ce, 'yar kudu, Kirista, wadda ta koyi Hausarta a bakin masu tumatir, don haka mace da namiji duk "ka" ne a wurinta. Aikinmu guda ɗaya ne. Muna da wata lambar waya da matan ƙauye masu tsintar kaɗanya suke kira kyauta, su ji farashin da ake sayen ƙwara a babbar kasuwa, da ranar da motar masu saye za ta biyo ta wajensu. Kafin wannan layi, duk abin da dillali ya zo ƙauye ya faɗa shi ne farashi. Yawancin matan ba sa karatu, shi ya sa muka yi shi da murya.

Ba mu da babbar kwamfuta tamu da za ta riƙa amsa kiran. Abin da na rubuta ɗan guntun umarni ne, aka ajiye shi a kwamfutocin wani kamfani can nesa, a abin da ake kira gajimare. Yadda tsarin yake, wannan ɗan umarni barci yake yi. Sai an kira layin yake farkawa, ya yi aikinsa, ya ɗan jira ko wani kiran zai biyo baya, in babu ya koma barci. Lokacin da ya yi a farke kawai ake cajinmu. Na ƙaunaci wannan tsari tun ranar da na fara fahimtarsa. Na sa wa abin suna Mai-barci. In ina kan moto da yamma, hadari ya haɗo ta wajen unguwar Vittin, sai in ɗaga kai in riƙa raya cewa yana can ciki a naɗe, kamar kyanwa a kan buhun auduga, yana jiran wata tsohuwa ta danna wayarta ya miƙe. Na san ba a sama yake ba. Na san ɗakuna ne masu sanyi cike da ƙarfe da wayoyi. Amma ban taɓa iya hana kaina kallon sama ba.

Muryar da ke kan layin ta Mma ce. Ni na roƙe ta, saboda tana jin Dagbanci, yaren matan ƙauyukan, kamar Hausa, kuma shekara da shekaru tana hulɗar man kaɗanya da matan nan. Ranar da muka ɗauki muryar, na jingina katifa a jikin taga don kada zakaran maƙwabta ya shigo ciki, na karanta mata abin da na rubuta: barka da kira, ga farashin yau. Ta dube ni kamar na ce ta shiga gidan mutane da takalmi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mma. A waya ne."

"A waya mutane ba su da iyali? Kunna abinki."

Na kunna. Ta gyara zama, ta yi sallama, ta ce dasiba, wato ina kwana, sannan ta yi shiru. Ta tambayi gajiya, ta yi shiru. Ta tambayi yara, da maigida, da sanyin safiya, da aikin jiya, kowanne da shirunsa a baya. Da ta gama da Dagbanci ta sake daga farko da Hausa.

"Mma, wannan shirun na mene ne?"

"Na amsawa mana. Ke kin taɓa ganin an gaida mutum an wuce ba a tsaya ya amsa ba?"

Haka muka sa shi, da shirun da komai. Kuma matan suna amsawa. Na taɓa tsayawa kusa da wata a tashar mota tana riƙe da waya a kunne, tana ɗan rusunawa tana cewa naa, naa, fuskarta cike da fara'a, alhali ta san sarai na'ura ce. Bayan haka Mma ta ɗauki aikin nawa kamar nata. Kullum na dawo sai ta tambaye ni, "Yaya Mai-barcin naki, ya tashi da wuri yau?"

To, a safiyar da nake ba ki labari, ina shiga ofis Sista Abena ta ja mini kujera da ƙafa.

"Rahina, zo ka zauna. Magana ba daɗi."

Ta juyo mini da kwamfutarta. Abu biyu ne. Na farko, abin da muke biya a gajimare da na layin waya yana ta hawa, masu tallafa mana kuma sun rage hannu. Na biyu, matan da suke fara kira da sassafe, kafin su fita tsinta, sau da yawa shiru suke ji har layin ya yanke, domin Mai-barci yana daɗewa kafin ya farka, kamfanin waya kuma ba ya jira.

"Kafin kaɗanya ya fara faɗuwa, in abu biyu nan bai gyaru ba, za a rufe layi. Ni ba na so, amma ba ni ne mai kuɗi ba. Ka duba, ka ji? Kai ne ya haife shi."

Saura 'yan makonni ruwan farko ya sauka. Na wuni ina bin sawun abin da na rubuta, kuma abin da na gani ya ba ni kunya. Na cusa duka muryoyin Mma cikin jikin Mai-barci, tare da tarkacen kayan aiki da na kwaso tun ina koyo, waɗanda ko sau ɗaya bai taɓa amfani da su ba. Duk farkawa sai ya ɗauki wannan kaya kaf kafin ya ce uffan, kamar mutumin da ba zai amsa sallama ba sai ya ɗora akwatin aurensa a kai. Sannan bayan ya farka, tsayawa yake a farke har gaisuwar ta ƙare, ba ya yin komai, yana sauraron shirun Mma, mu kuma ana cajinmu. Faɗin farashi sakan kaɗan ne. Gaisuwa ta fi minti. Na kalli abin kamar lissafin aji uku. Kafin la'asar na cire gaisuwar gaba ɗaya, na bar jimla ɗaya da muryar na'ura: farashin yau kaza. Ban kira Mma ba. Ban ma tuna cewa akwai wanda ya kamata a tambaya ba.

Sai da muna cin tuwo da yamma na gaya mata, kuma da alfahari na faɗa, ina jiran yabo. Ta tsaya da loma a hannu.

"Duka?"

"Duka, Mma. Tsada take jawowa."

"Gaisuwar ce take da tsada."

"Ba haka nake nufi ba. Lokacin da take ci ne..."

"To. Ke kika yi boko."

Ta mai da lomar cikin kwano, ta wanke hannu, ta tashi ta je ta duba man da ta bari yana daskarewa, wanda ba ya bukatar dubawa.

Makon farko Sista Abena har rawa ta taka a ofis. Cajin ya sauko, ta sayo mini shinkafa da wake da ƙwai biyu, tana kirana farfesa. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. A mako na biyu ne na lura kiran yana raguwa. Na ce wataƙila netwok ne. Na ce wataƙila shirin gona ne ya ɗauke musu hankali. Sai kuma wani abu ya faru da ban zata ba. Da can, kira yana bin kira da safe, wannan ta ajiye wannan ta ɗauka, don haka in mace ta farko ta tashe shi, na bayanta suna samunsa a farke. Yanzu da kiran ya yi nisa da juna, kusan kowace mai kira a barci take samunsa. Na rage masa kaya, amma ban rage isasshe ba, kuma babu mai riƙe shi a farke. Layin ya koma yankewa fiye da da. Akwai hanyar biya a hana shi barci gaba ɗaya, amma wannan shi ne ainihin abin da ba mu da halinsa.

Ruwan farko ya sauka a wannan makon. Ina tsaye a bakin tagar ofis ina jin ƙamshin ƙasa, ina tunanin 'ya'yan kaɗanya suna faɗowa cikin ciyawa a dazukan da ban taɓa zuwa ba, sai ga wata dattijuwa ta sauko daga motokin, irin babur mai ƙafa uku da ke ɗaukar kaya da mutane. Magajiya Fuseina ce, shugabar matan wani yanki, tsohuwar abokiyar cinikin Mma. Ta gaida Sista Abena tsaf, ta gaida ni tsaf, har da tambayar bishiyar mangwaro ko ta yi 'ya'ya bana. Sai da ta sha ruwa sannan ta ajiye wayarta a kan tebur.

"'Yata, wane ne wannan da kuka sa a ciki?"

"Na'ura ce, Magajiya."

"Na ji. Ba ta da uwa, shi ya sa. Mutum ya tashi da asuba, ko bakinsa bai wanke ba, a jefe shi da farashi kamar an jefi kare da ƙashi? Matanmu sun ce wannan ba layin Mma Azara ba ne, 'yan damfara ne suka karɓe shi. Wanda bai tambayi kwananka ba, yaya za ka yarda da farashinsa?"

"Amma farashin gaskiya ne."

"Dillali ma ya ce nasa gaskiya ne. Shi kuwa yana zama a tabarma, yana tambayar jikokina da sunansu. Jiya ƙauye biyu sun sayar masa da ragowar ƙwarar bara."

Bayan ta tafi, Sista Abena ta juyo gare ni. Ta ce, a hankali, layin da ba a kira ma rufe shi za a yi. Na koma gida a kan moto ban kalli sama ba ko sau ɗaya. In na mai da gaisuwar yadda take, tsada za ta kashe layin. In na bar shi haka, matan sun riga sun tafi. A gida kuma Mma tana yi mini komai kamar kullum, ta ajiye mini kokona, ta amsa gaisuwata, amma ta daina tambayar Mai-barci.

Ranar Asabar da hantsi ina kwance a ɗakinta, ita ma ta ɗan kishingiɗa da ɗaurin ƙirji saboda zafi, sai wata maƙwabciya ta yi sallama daga ƙofar gida. Mma ta amsa daga kwance. Matar ta tsaya can bayan labule ta tambayi kwana, Mma ta amsa tana miƙewa. Ta tambayi gajiya, Mma ta amsa tana laluben riga. Ta tambayi yara, Mma tana ɗaura ɗankwali. Ta tambayi zafin garin nan, Mma tana tura kwanukan da ba a wanke ba ƙarƙashin gado da ƙafa, tana shimfiɗa tabarma. Lokacin da gaisuwar ta zo ƙarshe, Mma tana tsaye a bakin ƙofa tsaf, kamar tun safe take jiran baƙuwa. Sau dubu na ga wannan a rayuwata. Ranar ce kawai na kalle shi.

Da matar ta tafi na ce, "Mma, da ta shigo kai tsaye fa?"

"Da ta same ni kamar kaza a ruwa. Ai shi ya sa ake ja. Mai hankali yana gaisuwa yana ba ka lokacin da za ka nemi zanenka."

Ban jira Litinin ba. Na karɓi mabuɗin ofis a wurin Sista Abena bayan ta taso daga coci washegari, na zauna ni kaɗai da fanka. Na ɗauko muryar Mma da na cire, amma maimakon in mai da ta jikin Mai-barci, na ajiye ta daban, a ma'ajiyar da layin waya zai iya ɗauka kai tsaye ba tare da ya jira kowa ba. Na tsara cewa da zarar an kira, gaisuwa ta fara nan take, a daidai lokacin kuma a taɓa Mai-barci. Mma tana tambayar kwana, shi yana miƙa. Tana tambayar yara, shi ya ɗauko farashin yau ya ajiye a bakin ƙofa ya koma ya kwanta, ba tare da ya tsaya sauraron shirun kowa ba. Na zubar da sauran tarkacen da yake ɗauka har ya zama ɗan mitsitsi. Na gwada ba shi wuri mai ɗan faɗi a gajimaren, wanda a ido ya fi tsada, sai na ga yana gama aiki da sauri har abin ya fi sauƙi. Kuɗin mintin waya na gaisuwar yana nan, wannan ba ni da yadda zan yi da shi, sai dai na sa mai kira ta zaɓi harshe ɗaya maimakon ta ji biyu. Da na gwada kira daga wayata, ko ƙara ɗaya ba ta gama ba na ji sallamar Mma. Na amsa mata. Ni kaɗai a ofis, na rusuna na amsa har ƙarshe.

Wannan karon ban saki abin ba sai da na je na durƙusa a gabanta. Tana tace mai a cikin ƙwarya, ba ta ɗago ba.

"Mma, ina so in mai da muryarki."

"Tana wurinki ai. Da za ki cire ni kika tambaya?"

"Na yi kuskure."

"Ta daina tsada?"

"Ita ce ma take rufa mana asiri yanzu."

Ta ɗan yi wani sauti a hanci, tsakanin dariya da tsaki.

"Kada ki taɓa mini shiruna. Ko ɗaya."

Ban taɓa ba. Layin bai mutu ba, Sista Abena ta kai wa masu tallafi takardar da ta gamsar da su, kuma matan suka dawo da saurin da ya ba ni mamaki. Na ɗauka ƙwarewata ce. Amma makonni uku na farkon kakar kaɗanya sun riga sun wuce, kuma akwai gidajen da suka sayar da wahalarsu a araha a cikin waɗannan makonni saboda ni. Ban san sunayensu ba, ba zan kuma taɓa sani ba. A gida Mma ta yafe mini, na tabbata, domin ita ba ta iya riƙo ba. Sai dai tambayar nan ta yamma ba ta dawo ba. Na yi ta jira, wani lokaci har in fara ba ta labarin ofis da kaina, ta saurara, ta ce madalla. Har Allah ya karɓi abinsa ba ta ƙara kiran sunan Mai-barci ba. Muryarta tana kan layin har yau. In kin yi wayo zan ba ki lambar, amma ki kira lokacin da ba kya sauri.

Ranar sunanki, shekara biyu bayan rasuwarta, Magajiya Fuseina ta zo da ƙwaryar man kaɗanya don a riƙa shafa miki. Ta tsufa sosai, sai da aka riƙe ta ta zauna. Ta karɓe ki, ta ji sunan da aka raɗa miki, ta daɗe tana kallon fuskarki. Sannan ta ce da ni, ba tare da ta ɗago ba:

"Kin san uwarki ta zo mana a shekarar nan?"

"Wace shekara?"

"Da kika cire ta. Kina fita aiki take hawa motokin. Ƙauye bakwai ta bi, gida gida. Ta ce wa mata maƙogwaronta ne ya yi ciwo, ita ta roƙe ki ki sauke muryarta har ta warke. Ta ce layin na 'yarta ne, kada wanda ya zage shi, su yi haƙuri su ci gaba da gwadawa."

Na ce, "Amma Magajiya, ke kin zo ofis. Kin san ba haka ba ne."

"Na sani. Ita ma ta san na sani. A gabana ta faɗa, da muryarta garau, ta gaida mata arba'in ɗaya bayan ɗaya tana cewa ba ta da murya. Babu wadda ta yi dariya." Ta gyara miki hula. "Ta ce in na gaya miki tana raye, ba ni ba ita."